Yadda ake haɗa iri da ƙyanƙyasar kajin ado a bayan gida a Kaduna

Ƙwai ashirin da huɗu na fara zuba wa injin ƙyanƙyasa, 'yan tsaki uku suka fito, cikin ukun ma ɗaya bai kwana ba. Watan Janairu ne, hunturu ya kankama har leɓe na tsagewa. Ƙwan Brahma ne na saya da tsada a hannun wani mai talla a Facebook, aka ɗoro shi a mota, na je tashar Kawo na karɓa, ina isa gida na jera shi a inji ko hutawa bai yi ba. Ranar da na fasa sauran don in ga abin da ya faru, na tarar da tsaki goma sha ɗaya sun cika halitta, amma tantanin ƙwan ya bushe ya naɗe su kamar leda. Ragowar goman baragurbi ne. A makon kuwa wata 'yar kazar Inna ta fito daga bayan randa da 'ya'ya tara cikin ƙwai goma. Inna ta leƙo ta ce, "To ɗan boko, kai da injinka, ita da ƙirjinta, wa ya ci?"

Asarar nan ce ta koya mini cewa inji shi ne abu na ƙarshe da mai kiwo zai saya. Kafin shi akwai iyaye, akwai ƙwan kansa, akwai kuma yanayin garin nan da ke sauya fuska sau uku a shekara. Ga yadda nake yi yanzu, daki-daki.

Fara da iri ɗaya, kuma ka ga iyayen da idonka

Kajin ado da suka fi yawo a hannun 'yan kiwo sanannu ne. Akwai Brahma, ƙatuwar kaza mai gashi har yatsu kamar ta sa safa, wadda aka fitar da irinta a Amurka wajen shekarun 1850 daga kajin da aka kai can daga ƙasar Sin. Akwai Silki, ita ma asalinta Sin, mai gashi kamar auduga da baƙar fata da yatsu biyar maimakon huɗu. Akwai Folish mai tukku kamar ta kafa ɗaurin ɗankwali, da Serama ta Malesiya wadda ba a da ƙaramar kaza kamarta, da Ayam Cemani ta Indunusiya, baƙa ƙirin har nama. Ƙwan Cemani dai ba baƙi ba ne. Duk wanda ya nuna maka baƙin ƙwai ya ce nata ne, rini ya yi masa.

Kowacce da watan da take shan wuya a Kaduna. Brahma ba ta son zafin Maris da Afrilu, za ka gan ta baki buɗe, fukafukai a sake, ƙwai ya ragu, zakaran ma ya yi sanyi. Silki kuwa damina ce abokiyar gabarta, don gashinta ba ya tare ruwa, yana jiƙewa ne kamar tsumma, ruwan Agusta ɗaya ya isa ya kwantar da ita. Folish tukkunta yana rufe mata ido, ba ta ganin shirwa sai ta sauko. Saboda haka ka dubi filin da kake da shi kafin ka dubi hoton kaza. Mai ɗan lungu a gidan haya a Tudun Wada ko Rigasa, Silki ko Serama sun fi masa. Brahma sai mai fili da inuwa.

Inda aka fi cutar sabon shiga shi ne ruwa-biyu. Gashin ƙafa yana da rinjaye a gado: in zakaran Brahma ya barbari kazar gida, 'ya'yan sukan fito da gashi a ƙafa, suna ƙanana ba ka bambance su da na asali. Sai sun kai wata huɗu ka ga jikin ya tsaya, ƙirjin ba faɗi, gashin ƙafar tsilli-tsilli. Gashin Silki kuma akasin haka yake, ɓuya yake yi, in ka haɗa ta da wata kaza 'ya'yan gashin kaza na yau da kullum za su yi. Don haka kada ka sayi ƙwai ko tsako sai ka je gidan ka ga uwa da uba, ka ga kuma ko a keɓe suke ko suna cakuɗe da wasu zakaru. Wanda ya ce maka "ba a shiga gonata" ya turo bidiyo da ranar da aka ɗauka. In ya ƙi wannan ma, ka riƙe kuɗinka.

Abu biyu na gado da ya kamata ka sani tun yanzu. Kaza fingi, mai gashi a murɗe, ba a haɗa ta da zakara fingi, domin kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan za su fito da gashi mai karyewa, su tashi kusan tsirara. Haɗa fingi da mai kwantaccen gashi, rabin 'ya'yan za su zo fingi masu kyau. Haka launin toka-toka da 'yan kiwo ke kira bulu: in ka haɗa bulu da bulu, rabi ne za su zo bulu, kwata baƙaƙe, kwata farare masu ɗigo-ɗigo. Ba ha'incin mai sayarwa ba ne, haka launin yake rabuwa.

Duk kazar da ka sayo, ko daga kasuwar Talata ta Kawo ko daga gidan amininka, ka keɓe ta mako biyu zuwa uku nesa da naka kafin ta shiga cikinsu. Mutanen Kaduna ba sa bukatar a yi musu dogon wa'azi a kan wannan, don a Jaji ta ƙaramar hukumar Igabi aka fara tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani a Afirka, a Fabrairun 2006.

Haɗa zakara da kaji

Manyan kaji irin Brahma, zakara ɗaya ga kaji huɗu ko biyar ya isa. Ƙanana irin Silki da Serama, uku zuwa huɗu. In kajin sun yi masa yawa ƙwai da dama ba zai ɗauku ba, in sun yi kaɗan zai tsige musu gashin baya. Kada ka yi gaggawar tara ƙwan sagara da ta fara yi jiya, ƙanana ne kuma tsakinsu ba ƙarfi. Bar ta ta yi wata ɗaya ko biyu tana yi. Brahma ma ba ta cika fara ƙwai ba sai ta kai wata shida zuwa bakwai, wata ta wuce haka.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Kaza tana ajiye maniyyin zakara a jikinta mako biyu, wani lokaci har uku. In kazarka ta yi yawo da zakaran maƙwabta, ko ka sauya mata zakara, to ƙwan da za ta yi a makonnin farko yana iya zama na tsohon. Ka keɓe ta da sabon, ka ci ƙwan mako uku, sannan ka fara tarawa. In kuwa ba ta taɓa zama da zakara ba, mako guda bayan haɗa su ya isa.

Kaji masu tulin gashi a gindi, Brahma da Silki, sau da yawa zakara yana hawa amma ba ya isa inda ake so. Ɗauki almakashi ka rage gashin da ke kewaye da duburar zakaran da ta kazar, kamar faɗin tafin hannun yaro. Abin ba kyan gani, amma yana rage ƙwan da ba ya ɗaukuwa sosai. Folish kuma ka rage mata gashin da ya rufe ido.

Abincin iyaye shi ne abincin tsakon da ke cikin ƙwai, ba shi da wani. Dusa da tsakin masara kaɗai ba za su yi ba. Ba su abincin kaji masu ƙwai, ka ƙara da ganyen zogale ko alayyafo, da gara in kana samu, da sinadarin bitamin a ruwa sau biyu a mako, tun wata guda kafin ka fara tara ƙwai. Tsakon da ya fito da yatsu a nannaɗe, sau tari ƙarancin bitamin ne a abincin uwarsa. Don ka tabbatar zakara yana aiki, fasa ƙwai ɗaya a faranti ka duba gwaiduwa: akwai ɗan farin tabo a kanta. In ɗigo ne kawai mara tsari, bai ɗauku ba. In ya yi zobe kamar idon kifi, zakara ya yi aikinsa.

Tara ƙwai

Kwashe ƙwai sau biyu ko uku a rana, musamman da bazara. Zaɓi matsakaici mai kyan siffa. Ka bar mai tsawo sosai, da mai kama da ƙwallo, da mai siririn ɓawo, da ƙaton nan mai gwaiduwa biyu. Kada ka wanke shi. Akwai wani shafi da kaza ke yi wa ɓawo lokacin da take saka shi, shi ke toshe ƙananan kafofinsa daga ƙwayoyin cuta, ruwa kuma yana wanke shi. In kashi ya ɗan taɓa shi, kankare da busasshen soso. In ya ɓaci sosai, a soya.

Rubuta kwanan wata da alamar uwar da fensir, ba biro ko maka ba. Jera shi a kiret, tsinin a ƙasa, faffaɗan kan a sama. Wurin ajiya da ya fi dacewa shi ne mai sanyin digiri 13 zuwa 18. Firji ya yi sanyi da yawa, ɗakin kwano kuma a watan Maris ya yi zafi da yawa. Dabarar iyayenmu ita ce mafita: gindin randa, a kan yashi mai ɗan danshi, a ɗakin da rana ba ta bugu. Ɗaga gefe ɗaya na kiret ɗin da bulo da safe, ka mayar ɗaya gefen da yamma. Ƙwan da ya wuce kwana bakwai ƙarfinsa ya fara raguwa, bayan kwana goma kuwa caca kake yi. Da zafin bazara ni ba na wuce kwana huɗu.

Ƙwan da ya sha hanya a mota sai ya huta awa 12 zuwa 24, tsini a ƙasa, kafin ya ga inji. Wannan na cikin laifuffukana na farko.

Kazar gida tukuna

In karo na farko ne, shawarata ka nemi kazar Hausa mai kwanci. Ba ta san an ɗauke wuta ba, tana juya ƙwai da kanta dare da rana, danshin jikinta kuma daidai yake ko da hunturu. Silki ma gwanar kwanci ce, har wasu don haka kaɗai suke ajiye ta.

Alamar ta shirya: ta ƙi barin gurbi, ta kumbura gashi tana gurnani in ka kai hannu, ta tsige gashin ƙirjinta. Gwada ta kwana biyu da ƙwan da ba ka damu da shi ba. In ta zauna daram, sai ka bari dare ya yi ka zare nata ka sa naka. Da dare ake yi, da rana tana iya tashi ta ƙi komawa. Kazar gida matsakaiciya tana rufe ƙwan Brahma bakwai ko takwas, na Silki ko Serama goma zuwa sha biyu. In kana hango ƙwai a gefenta, sun yi yawa. Rage, domin tana juya su bi da bi, kowanne zai ɗanɗani sanyin ya lalace.

Kafin ta zauna ka duba ƙarƙashin fukafukinta ko akwai ƙwarƙwata, ka sa mata hodar maganinta, ka ajiye mata kaskon toka da yashi ta riƙa birgima. Ƙwarƙwata ce kan tayar da kaza daga kan ƙwai a mako na biyu. Keɓe gurbin don kada sauran kaji su riƙa ƙara mata sabon ƙwai, ka toshe duk ramin da gafiya za ta bi, ka zagaye wurin da toka saboda kwarkwasa. Abinci da ruwa a ɗan nesa, yadda sai ta tashi. Fitar minti ashirin ko talatin a rana ba ta cutar da ƙwai.

In inji za ka yi

Lambobin ba su da yawa. Kwana 21. Zafi digiri 37.5 a injin da ke da fanka. Mara fanka kuwa 38.5 zuwa 39, a auna daidai saman ƙwai. Danshin iska kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari daga ranar farko zuwa ta 18, sannan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe. Wahalar tana wajen tsayar da su a Kaduna.

Wuta ce ta farko. Kada ka sayi injin da ba ya aiki da batir. Ƙananan injuna masu cin ƙwai talatin zuwa sittin da yawansu suna da hanyar batir mai bolt 12, suna komawa kansa da kansu in wuta ta tafi. Haɗa shi da batir da faifan sola, ko inbata. Masu ƙira a kasuwar Panteka ma suna haɗa inji na gida, kuma yana yi, in dai ka gwada na'urar daidaita zafinsa da kyau. In ta ƙure wuta ta yanke ba batir, kada ka buɗe murfi. Lulluɓe injin da bargo ka bar kafar iska, in abin ya yi tsawo ka sa gorar ruwan ɗumi a ciki. Ɗan tayi yana jure sanyin awoyi kaɗan, sai dai ƙyanƙyasar ta yi jinkiri. Zafin da ya wuce kima shi ne mai kisa da sauri: digiri 40 zuwa 41 na 'yan awoyi ya isa. Shi ya sa da bazara ba a ajiye inji a ɗakin da kwano ke gasawa, ko kusa da taga, domin inji ɗumamawa ya iya, bai iya sanyayawa ba.

Kunna shi awa 24 babu ƙwai a ciki. Kada ka yarda da lambar da yake nunawa sai ka gwada ta. Sa ma'aunin zafi irin na asibiti a ciki ka kwatanta. Ma'aunin danshi kuma ga gwajinsa: cika murfin kwalba da gishiri, ɗiga ruwa har ya jiƙe bai narke ba, sa shi da ma'aunin a roba mai rufuwa ruf, ka bari ya kwana. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 68, ka san kullum yana rage maka bakwai ne.

Sai danshi, inda na faɗi. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar Kaduna bushewa take ƙayau, kaskon ruwan inji yana ƙafewa kafin ka ankara. Faɗin fuskar ruwan ne ke ba da danshi, ba zurfinsa ba, don haka ƙara faranti mai faɗi ko jiƙaƙƙen soso ya fi cika kwano ɗaya har baki. Ruwan ya zama mai ɗumi. Da damina kuma, musamman Yuli da Agusta, iskar kanta a jiƙe take, sau da yawa ba na zuba ruwa ko ɗigo sai rana ta 18. Wanda ya bi takardar da ta zo da inji ya cika kasko a watan Agusta, tsakinsa za su girma su cika ƙwai, su nutse a ciki ba su samu iskar shaƙa ba. Kuskure ɗaya ne da nawa, ta ɗaya gefen.

Juya ƙwai: in injin ba ya juyawa da kansa, yi wa kowane ƙwai alama biyu da fensir, gicciye a gefe ɗaya, sifili a ɗaya gefen. Ana juyawa aƙalla sau uku a rana, kuma adadin ya zama mara, don kada ƙwai ya kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere. Ni na ɗaura shi a kan salloli biyar, Asuba zuwa Isha, ban taɓa mantawa ba, yarana ma sun haddace. Wanke hannu kafin ka taɓa, man shafawa yana toshe kafofin ɓawo.

Haska ƙwai, shi zai gaya maka gaskiya

Wannan ne aikin da ya fi kowanne a wurina. Tocilar waya ta isa. Shiga ɗaki mai duhu, ɗora faffaɗan kan ƙwan a kan hasken, ka kewaye da yatsu.

Rana ta 7: mai rai za ka ga jijiyoyin jini sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya yana motsi. Ranar da ƙaramar 'yata ta fara gani sai da ta ja da baya ta ce, "Abba, yana kallona!" Idon kuwa ta gani. Wanda haske ya ratsa fes, bai ɗauku ba. Wanda ke da jan zobe kewaye da ciki, ya fara ya mutu. Fitar da su. In kana shakka, sa alamar tambaya ka bar shi zuwa rana ta 10. Wanda ke wari ko yake tsatsafo da ruwa, fitar da shi nan take a hankali, don baragurbi in ya fashe a inji ya shafa wa kowa.

A kowace haskawa, zana iyakar kogon iskar da ke faffaɗan kan da fensir. Kogon nan shi ne ma'aunin danshi na gaskiya, ya fi na jikin inji. A rana ta 7 ɗan ƙarami ne, a ta 14 ya ƙaru sosai, a ta 18 ya kamata ya kusa cin kashi ɗaya cikin uku na ƙwan, ya kuma karkata gefe. In yana girma da sauri, ƙwan yana bushewa, ƙara ruwa. In ya ƙi girma, rage ruwa ka buɗe kafar iska. Mai ƙaramin sikeli yana iya bin nauyi: ƙwai yana rasa kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari na nauyinsa zuwa rana ta 18, wato mai giram 55 ya dawo wajen 48.

Lissafin abin da ka fitar ma darasi ne. In fes-fes ɗin sun yi yawa, matsalar tana akurki, wajen zakara. In sun fara sun mutu a makon farko, duba ajiyar ƙwai da zafin inji. In sun cika halitta suka kasa fita, danshi ne ko ƙarancin iska.

Kwana ukun ƙarshe

Rana ta 18 ka daina juyawa, ka cire abin juyawar, ka kwantar da ƙwai a kan tsumma mai kaushi ko tawul, ka ɗaga danshi, ka buɗe kafofin iska, ka rufe murfi. Ƙananan kaji irin Serama sukan riga lokaci da kwana ɗaya ko biyu, don haka nasu ka rufe tun rana ta 16 ko 17.

Wajen rana ta 19 zuwa 20 tsako yana huda tantani ya shiga kogon iska, za ka ji kukansa ƙwai bai fashe ba. Sannan ya huda ɓawo, ɗan tsagi kamar ƙwayar gero. Daga nan yana iya yin awa 12 zuwa 24 bai ƙara komai ba. Ba maƙalewa ya yi ba, yana shanye ragowar gwaiduwa ne ta cibiya, jijiyoyin jinin tantani kuma suna ƙafewa. Nan ne hannu ke ƙaiƙayi. Duk buɗe murfi ɗaya da hunturu yana kwashe danshin cikin daƙiƙoƙi, tantanin waɗanda suka huda ya bushe a jikinsu. Haka na kashe goma sha ɗayan nan, ina buɗewa ina ɗaukar hoto.

Ba na taimaka wa tsako sai ya wuce awa 24 da hudawa, tantanin ya koma ruwan ƙasa ya bushe, yana ta kuka ba ya gaba. Sai in ɓantare ɓawo kaɗan-kaɗan ta wajen kogon iska, in jiƙa tantanin da auduga da ruwan ɗumi ba tare da ruwa ya shiga hancinsa ba. Da na ga jini sai in tsaya, in mayar da shi, in ba shi awa uku. Wanda ya fito a bar shi a ciki ya bushe ya yi laushi; gwaiduwar da ya shanye tana riƙe shi har kwana biyu ba ci ba sha. Sauran ƙwai a ba su zuwa rana ta 23.

Reno

In kaza ce ta ƙyanƙyashe, aikinka kaɗan ne: killace ta da 'ya'yan mako huɗu zuwa shida a keji mai rufin waya. Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, amma tsoron ba ya hana shirwar ɗauka.

Na inji kuwa kai ne uwarsu. Kwali babba ko zagayen filawud ya isa, a shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko ɓarzajjen katako, a rufa tsohon tawul a kai kwana ukun farko don kada su ci shimfiɗar. Kada ka sa su a kan jarida ko tayil ko leda, santsi yana wargaza musu ƙafafu. In wani ya yi haka, ɗaure ƙafafun biyu da filasta a tazarar tsayuwarsa, kwana uku ko huɗu yakan miƙe. Zafi digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa rage kamar uku kowane mako. Su da kansu za su nuna maka: in sun cure a gindin wuta suna kuka, sanyi, in sun gudu bango baki buɗe, zafi, in sun bazu suna tsattsaga, daidai. Ƙwan lantarki mai zafi, fitilar ƙwai ko kurfoti duk suna yi. In gawayi ne, bari ya ruru a waje hayaƙin ya ƙare, kuma kada ka toshe ɗakin, iskarsa tana kashe tsaki cikin dare shiru.

Ruwa kafin abinci. Tsoma bakin kowanne a ruwa mai ɗan gulukos ko bitamin, ka zuba tsakuwa a kaskon don kada su faɗa. Abincin 'yan tsaki na buhu, mai furotin kashi 18 zuwa 20, har mako shida zuwa takwas. Kada ka ba su na kaji masu ƙwai, sinadarin ƙashin da ke ciki yana lalata musu ƙoda. Silki da Folish da yawansu ƙoƙon kansu a buɗe yake ta sama ƙarƙashin tukku, saran babban tsako ɗaya yana iya illata su, don haka kada ka haɗa su da 'yan Brahma. Shimfiɗa ta zama busasshiya kullum, jiƙaƙƙiya ita ke kawo kashin jini, musamman da damina.

Rigakafi ba a wasa da shi, don kajin ado ba su da taurin kazar Hausa. Cutar Niyukasil, wadda ke share akurki da hunturu, da cutar Gumboro su ne na gaba. Tsarin da aka fi bi a nan shi ne Gumboro wajen kwana 7 zuwa 10, Lasota, wato rigakafin Niyukasil, wajen kwana 14, a maimaita Gumboro a mako na uku, Lasota a na huɗu, sai allurar ƙuraje a fatar fiffike wajen mako shida zuwa takwas. Manya kuma a riƙa maimaita musu Lasota duk wata biyu zuwa uku, kuma lallai kafin hunturu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin waɗannan magunguna, har da na Niyukasil mai jure zafi da ake ɗigawa a ido. Ka nuna wa likitan dabbobi tsarinka ya daidaita maka shi da unguwarku. Kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce, don haka ku haɗu da maƙwabta masu kiwo ku yi rana ɗaya. A ɗauko ta cikin ƙanƙara, a ɗauke wa tsaki ruwa awa ɗaya ko biyu su ji ƙishi, a haɗa da ruwan rijiya ko na burtsatse mara sinadarin kulorin, su shanye cikin awa biyu.

Da sun kai wata huɗu zuwa biyar sai ka zauna da littafinka ka zaɓi waɗanda za su zama iyaye. Sa wa kowanne zoben roba mai launi a ƙafa tun yana ƙarami, launi ɗaya ga 'ya'yan uwa ɗaya, ka riƙa sassautawa yana girma. Mai karkataccen baki, mai nannaɗaɗɗun yatsu, Silki mai yatsu huɗu, da wanda sai da ka ɓare masa ɓawo ya fito, duk a sayar da su a matsayin na ado ko a ci, kada su shiga iri. Zakaran da ya fito daga ƙwan gidanka kuma kada ya hau 'yan uwansa zuriya bayan zuriya, ƙwai zai riƙa mutuwa a ɓawo, jiki ya riƙa ƙanƙancewa. Ni duk shekara, bayan ruwa ya ɗauke a Oktoba, nake musayar zakara da wani abokin kiwo a Zariya. Sabon ya yi mako ukunsa a keɓe, ya sha Lasota, sannan ya shiga wurin kajin, ƙwan farko da zan tara ya faɗo a Disamba.